HARAJIN ALBASHI: SHIRIN RUFE LITTAFIN SHEKARA

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu na Kazaure, da Roni, da Gwiwa cikin ƙasar Sarkin Kazaure, da kuma na Babura cikin ƙasar Sarkin Ringim. Nufinta shi ne ta bayyana abin da doka ta ɗora wa ko wane mutum ko ma'aikata mai biyan albashi in shekarar haraji ta zo ƙarshe. Hakimai su ne iyayen ƙasa, gare su jama'a kan kai tambaya in al'amari ya shige musu duhu. Sabo da haka ya kamata su fahimci maganar nan sosai, malamansu kuma su iya lissafinta da alƙalami.

Asalin al'amarin

Dattawa ba su manta da zamanin En'e ba, lokacin da hakimi kan fita rangadi da malamin haraji, dagatai da masu unguwa su ƙidaya magidanta, a tara kuɗi a kai Baitulmali. A lokacin nan shekarar kuɗi ta Gwamnati tana farawa ne ran 1 ga Afrilu, ta ƙare ran 31 ga Maris. A 1961 aka yi dokar tarayya wadda ta daidaita yadda jihohi za su riƙa aza haraji bisa abin da mutum ya samu, Jihar Arewa kuma ta yi tata dokar a 1962. A 1979 Gwamnan Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ya soke haraji da jangali a jiharsa, wadda ƙasar nan tamu ke cikinta har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

To, amma harajin albashi bai shiga cikin abin da aka soke ba. Shi dabam ya ke. Ba a bin mutum gida a karɓa, a'a, tun kafin albashi ya kai hannun ma'aikaci a ke cire shi, wata-wata. Malaman ofis suna kiransa PAYE, watau mutum ya riƙa biya yayin da ya ke samu. A Ingila aka kafa wannan tsari a 1944. A nan Nijeriya dokar 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ita ta daɗe tana aiki. Ran 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, sabon ma'aunin harajin albashi kuwa ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Shekarar haraji a yau daga 1 ga Janairu ta ke zuwa 31 ga Disamba.

Wa aka ɗora wa nauyi?

Harajin na ma'aikaci ne, amma nauyin cirewa da kaiwa yana wuyan mai biyan albashi. Kada a zaci ma'aikatun Gwamnati kaɗai a ke nufi, irin su ƙaramar hukuma, ko Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura. Mai makarantar kuɗi, da mai gidan mai, da mai gidan burodi, da mai injin casar shinkafa, da mai asibiti na kansa, da ɗan kwangila, duk wanda ya ɗauki mutane yana biyansu albashi, doka ta hau kansa. Kuɗin nan da ya cire kuwa amana ce a hannunsa. Ba nasa ba ne, bai halatta ya juya shi cikin ciniki ba ko da na kwana ɗaya. Wurin da za a kai shi ne Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Jigawa, wadda babban ofishinta ke Dutse.

Ranaku uku da ba a mantawa

Ta fari, 10 ga wata. Harajin da aka cire daga albashin ko wane wata, tilas ne a kai shi kafin 10 ga wata mai bi masa ya wuce. Ke nan na Disamba, wanda shi ne cikon na shekara, iyakarsa 10 ga Janairu.

Ta biyu, 31 ga Janairu. Kafin ranar nan ta wuce, mai biyan albashi zai miƙa wa Hukuma takardar bayanin shekarar da ta gabata, wadda malaman haraji suka saba kira Fom H1. A cikinta zai rubuta sunan ko wane ma'aikaci, da jimlar abin da aka biya shi, da abin da aka yafe masa, da harajin da aka cire, da abin da aka kai. Har wanda ya yi wata biyu ya bar aiki, ko wanda Allah ya yi wa rasuwa cikin shekara, sai an sa sunansa.

Ta uku, 31 ga Maris. Wannan ta ma'aikaci ce shi da kansa, ranar da zai cika bayyana wa Hukuma dukan abin da ya samu a shekarar da ta wuce, na albashi da na wanin albashi. Ba zai iya ba sai ubangidansa ya ba shi lissafin abin da aka cire masa. Sabo da haka jinkirin mai gida ya kan zama jinkirin yaransa duka.

Sabon ma'auni

Albashin da aka biya har zuwa 31 ga Disamba 2025, tsohuwar doka ce ke hukunta shi. A ƙarƙashinta a kan fara yafe wa mutum naira 200,000, ko kashi 1 cikin 100 na samunsa in ya fi haka yawa, a ƙara da kashi 20 cikin 100, sa'an nan a aza haraji bisa abin da ya saura, daga kashi 7 har zuwa kashi 24. Sabuwar doka ta ɗauke waccan yafewa, ta kawo wannan ma'auni na shekara:

Naira 800,000 na farko, babu haraji.
Naira 2,200,000 masu bi, kashi 15 cikin 100.
Naira 9,000,000 masu bi, kashi 18.
Naira 13,000,000 masu bi, kashi 21.
Naira 25,000,000 masu bi, kashi 23.
Abin da ya haura naira 50,000,000, kashi 25.

A lura, matakala ce. In samun mutum ya haye mataki na biyu, abin da ya haye ɗin kaɗai a ke aza wa kashi 15, ba dukan albashin ba. Wanda kuma albashinsa bai wuce mafi ƙanƙancin albashi na ƙasa ba, wanda aka tsayar a kan naira 70,000 a wata a 2024, ba a cire masa harajin nan.

Kafin a ɗora ma'auni, a kan ware waɗansu abubuwa daga albashi. Akwai kuɗin fansho da ma'aikaci ya zuba, da na asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya. Akwai kuma rangwamen kuɗin haya, wanda sabon abu ne: mai zaman gidan haya a kan ware masa kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, amma ba ya wuce naira 500,000. Wanda ke zaune gidan kansa ko gidan gado ba shi da wannan rangwame, mai haya kuwa sai ya bayyana abin da ya biya da gaskiya.

Misali

A ce wani malamin makaranta a Roni ana biyansa naira 150,000 a wata, watau naira 1,800,000 a shekara. A ce ana cire masa kashi 8 cikin 100 na wannan kuɗi domin fansho, naira 144,000 ke nan. A ce kuma yana biyan hayar gida naira 200,000 a shekara, rangwamensa ya kama naira 40,000. In an ɗebe biyun nan, saura naira 1,616,000. Naira 800,000 na farko ba a taɓa su. Sauran naira 816,000 a aza musu kashi 15, ya tashi naira 122,400 a shekara, watau naira 10,200 ko wane wata.

Yanzu a duba abin da sakaci kan jawo. In malamin albashi ya manta da rangwamen haya, ya ci wa bawan Allah nan naira 6,000 a shekara ba bisa haƙƙi ba. In kuwa aka yi wa malamin ƙarin albashi a tsakiyar shekara, aka ci gaba da cire naira 10,200 kamar da, to, a ƙarshen shekara za a tarar da giɓi, kuma mai makaranta Hukuma za ta tambaya. Domin haka ne a ke sake lissafin shekara ɗungum a watan Disamba, a gwada shi da jimlar abin da aka cire, a gyara bambancin cikin albashin watan.

Wace jiha ce ke da harajin?

Nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, domin ƙasar nan ta shiga tsakanin Jihar Kano da Jihar Katsina, ma'aikata da yawa kuwa su kan zo da safe su koma da yamma. Ka'ida ita ce, haraji yana bin inda ma'aikaci ya ke zaune, ba inda wurin aiki ya ke ba, kuma mazauninsa na ran 1 ga Janairu a kan duba. Wanda ke aiki a Kazaure amma gidansa na Ɗambatta, harajinsa na Kano ne. Wanda ke zuwa daga Daura, nasa na Katsina ne. Haka kuma wanda ke zaune a Gwiwa ko Babura, ko da Gwamnatin Tarayya ce ke biyansa a matsayin malamin kwaleji, harajinsa na Jigawa ne. Wanda ya kai kuɗi jihar da ba ita ba, bai sauke nauyi ba, gama jiha mai haƙƙi za ta biyo bashinta, shi kuma ya shiga wahalar neman a mayar masa. Mai ma'aikata a jihohi biyu, takardar bayani biyu zai cika, ko wace jiha da tata.

Abin da ya kamata a yi tun da wuri

Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Nuwamba malamin albashi zai fito da littattafansa ya bi su kamar haka.

Ya jera sunayen dukan waɗanda aka biya tun daga Janairu, da ranar da ko wanne ya kama aiki ko ya bari, da garin da ya ke zaune, da lambarsa ta haraji. A sabon tsari lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, ita ce tushen lambar harajin mutum, sabo da haka a tabbata sunan da ke littafin albashi ya yi daidai da na katin.

Ya haɗa dukan abin da aka ba ma'aikaci, ba tsurar albashi kaɗai ba. Alawus, da kuɗin ƙarin lokaci, da goron Salla ko na ƙarshen shekara in a kan aiki aka ba da shi, duk suna cikin lissafi. Gida ko mota da ma'aikata ta ba mutum domin amfanin kansa, su ma doka ta yi musu ƙima.

Ya tattara rasit na wata goma sha biyu, ya gwada jimlarsu da jimlar abin da aka cire. In wani wata ya ɓace, a bi sawunsa a banki tun kafin cunkoson Janairu.

Ya karɓi shaidar biyan haya daga masu neman rangwame, da takardun fansho, ya adana. Doka ta ce a ajiye littattafan lissafi shekara shida, domin Hukuma tana da ikon zuwa ta duba.

Hukuncin wanda ya saɓa

Dokar gudanar da haraji ta 2025 ba ta yi sassauci ba. Wanda ya ƙi miƙa takardar bayani, tararsa naira 100,000 a watan farko, da naira 50,000 a ko wane wata da ya biyo baya har ya miƙa. Wanda ya ƙi cire harajin da ya wajaba, tararsa kashi 40 cikin 100 na abin da bai cire ba. Wanda ya cire ya riƙe, zai biya uwar kuɗin, da tarar kashi 10 cikin 100 a shekara, da ƙarin da a ke aunawa da farashin Babban Bankin Nijeriya, ana kuma iya gurfanar da shi gaban kotu.

Ban da tara, akwai cutar da a kan yi wa ma'aikaci. Takardar shaidar biyan haraji tana nuna abin da mutum ya biya cikin shekaru uku da suka wuce, ana kuwa nemanta wajen takardar mallakar fili, da neman kwangila, da tsayawa takara. Ma'aikacin da aka cire masa shekara uku ba a kai ba, ranar da ya je neman takardar nan zai tarar ba sunansa a littafin Hukuma, alhali bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Roƙo ga hakimai da malamansu

Ranku ya daɗe, karɓar wannan haraji ba aikinku ba ne, kada kuma a bari wani ya yi amfani da sunan hakimi ko na dagaci ya karɓi kuɗi hannu da hannu. A biya ta banki cikin asusun Gwamnatin Jiha, a karɓi rasit na Hukuma. Abin da a ke roƙonku shi ne faɗakarwa. In masu sana'a sun zo gaisuwa, ko an yi taron dagatai, a tuna musu da ranakun nan uku. Malamin hakimi ya ajiye wannan takarda a ofis, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, wanda lissafi ya rikice masa kuma a tura shi ofishin Hukuma mafi kusa tun Disamba bai ƙare ba. In ma'aikaci ya kawo ƙara cewa ana cire masa amma ba a kaiwa, a kira mai gidan a ji ta bakinsa, a nemi ya nuna rasit, gama sulhu a zaure ya fi shari'a a kotu sauƙi ga kowa.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya kai mu sabuwar shekara lafiya. Amin.