Zamiyar lema a teku: rana na ƙuna, amma ɗan wasa na rawar ɗari

'Yan uwa ɗalibai, wanda ya kalli wasannin Olamfik na 2024 zai tuna wasu matasa a gaɓar birnin Marseille na Faransa, suna tsaye a kan allo, wata ƙatuwar lema tana can sama tana jan su a guje a kan ruwa. Wannan ne karo na farko da aka shigar da zamiyar lema cikin Olamfik. Ellie Aldridge ta Birtaniya ta ci zinare a ɓangaren mata, Valentin Bontus na Ostiriya kuma ya ci na maza.

Mu abin da ya ɗauki hankalinmu shi ne suturarsu. Watan Agusta ne, tsakiyar bazarar Turai, amma kowa ya rufe jikinsa ruf, ga hular kwano, ga sulke a ƙirji. Me ya sa mutum zai yi irin wannan shiga a cikin zafin rana?

Amsar tana cikin randar da ke tsakar gidanku. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randar ƙasa, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafin da ke ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi idan an ajiye ta inda iska ke kaɗawa. To, ɗan wasan zamiyar lema randa ne mai tafiya. Wasan ba ya yiwuwa sai da iska, shi kuma jiƙe yake sharkaf tun daga shigarsa har fitowarsa. Ga shi kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska da kusan ninki 25. Mutum zai shiga yana gumi, bayan awa guda haƙoransa su fara karo da juna, yatsunsa su ƙage. Nan haɗarin yake, domin da yatsun nan ne zai tura makullin gaggawa da ke raba shi da ƙarfin lemar idan iska ta yi masa yawa.

Saboda haka masu wasan ba sa tambayar zafin gari kafin su zaɓi kaya, zafin ruwan suke tambaya. A Al-Guna da ke bakin Bahar Maliya a Masar, ruwan bazara ɗumi gare shi, yakan kai digiri 27 ko fiye. A can riga mai santsi mai dogon hannu da wando mai kama jiki sun wadatar. Amma a Dakhla da ke gaɓar Yammacin Sahara, duk da hamada ce ta kewaye garin, igiyar ruwan sanyi da ke gangarowa daga arewa ta Tekun Atlantika tana sanyaya ruwan, sai an haɗa da rigar roba. Haka ma a Tarifa ta kudancin Sifaniya. Cape Town ta Afirka ta Kudu ta fi su duka yaudara. Bazararsu tana kamawa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu nan muke fama da hunturu. Rana tsaka za ka ga yashi na ƙona ƙafa, amma ruwan yakan sauka ƙasa da digiri 15, domin iskar nan da 'yan wasa ke zuwa nema ita ce ke kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso.

Ita rigar robar da wani sinadari ake yinta mai suna niyofirin, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1930. Cikinsa cike yake da ƙananan kumfa na iska, su ne ke hana ɗumin jiki fita. Rigar ba ta hana ruwa shiga. Ɗan kaɗan yakan kutsa tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi, ya zauna a nan. Idan rigar ta yi wa mutum yawa, sabon ruwan sanyi zai yi ta shiga yana fita, ta zama ba ta da amfani. A nan babu maganar a saya wa yaro babba don ya girma a ciki, irin yadda ake yi mana da kayan makaranta. A jikin rigar za ka ga lambobi kamar 3/2. Ma'anarsu kaurin robar milimita 3 ne a ƙirji da baya, milimita 2 a hannu da ƙafa don gaɓoɓi su samu motsi. A Cape Town da yawa 4/3 suke sakawa.

Sai batun rana. Wasu cikinmu na ganin baƙar fata ba ruwanta da ƙunar rana. Gaskiya ne ta fi jurewa, amma tana ƙonewa, kuma ido bai san wannan bambancin ba. Ɗan wasa yana ɗaga kai yana kallon lemarsa a sama, ruwa kuma yana maido masa da hasken daga ƙasa. Don haka ake saka tabarau mai igiya, a shafa man kariya a fuska da wuya da bayan hannu. Rigar da aka rubuta wa UPF 50 tana tare kusan kashi 98 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata.

Mun san tambayar da ke bakin 'yan matanmu, har da samarin ma: ina batun suturce jiki? Wannan wasa ne da rufe jiki ya fi tsiraici amfani a cikinsa. Akwai kayan ninƙaya masu rufe kai da hannu da ƙafa, irin burkini da Aheda Zanetti, 'yar Ostareliya mai asalin Labanon, ta ƙirƙiro a 2004. Sharaɗi ɗaya ne, kada a bar wani abu yana lilo. Igiyoyin lemar sirara ne, tsawonsu ya haura mita 20, idan iska ta ɗame su suna iya yanka fata. Bakin mayafi ko igiyar wando ta sarƙe a cikinsu, ko a ƙugiyar ɗamarar da ke ƙugu, lemar za ta ja mutum ta inda bai shirya ba. Kayan auduga kuwa a bar su a gida. Suna shan ruwa su yi nauyi, ba sa bushewa da wuri, kuma suna goge fata a ƙarƙashin ɗamara har ta saɓule.

Ƙafa ma tana da nata. A Paje ta tsibirin Zanzibar ruwan ba zurfi, ga ɗumi, sai mutum ya ga kamar takalmi ɓata lokaci ne. Amma a ƙasan ruwan akwai wata halitta mai kama da bushiya, ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa. Mai koyo ya fi kowa buƙatar takalmin roba, domin kwanakinsa na farko a tsaye yake yin su cikin ruwa yana kokawa da lema, bai kai ga hawa allon ba tukuna. Shi ne kuma ake fara ɗaura wa hular kwano da rigar da ke hana nitsewa tun kafin a miƙa masa sandar tuƙi.