Kabarin Murmur Da Uwar Shaihu Umar: Littattafai Biyu, Hanya Ɗaya

Mutanen Azare sun san cewa sarautar ƙasarsu daga tsohon birnin Katagum ta taso, wanda Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadi, kafin a mayar da fadar Azare a zamanin Turawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan birni ya shiga littafin da aka buga a Ingila tun 1826, kuma labarin amana ne ya shigar da shi.

A watan Disamba na 1823 Turawa biyu, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka tashi daga Kukawa za su Kano cikin ayarin fatake. Oudney ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, ga sanyin hunturu ya ƙara masa. Da suka iso Katagum a farkon Janairu na 1824, Sarki Ɗankauwa ya sauke su, ya yi musu karamci irin na sarakunan da. Clapperton ya ƙiyasta mutanen birnin sun kai 7,000 zuwa 8,000.

Amma ajali ba ya jiran masauki. Ran 12 ga Janairu, a Murmur, kusa da Katagum, rai ya yi halinsa. Clapperton, wanda shi ma zazzaɓi bai bar shi ba, ya binne abokinsa, ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa don kada namun daji su tone shi, sa'an nan ya ɗaure zuciya ya wuce Kano da Sakkwato. Shekara 3 bayan haka, a 1827, shi ma ya rasu a Sakkwato, baransa Richard Lander ya yi jinyarsa, ya binne shi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, sai dai littafin nan ya ambaci wasu matattun da ba wanda ya gina wa katanga. Daga Tarabulus Turawan suka fito, suka bi ta Murzuk da Bilma, kuma a bakin rijiyoyin Sahara sun riƙa tarar da ƙasusuwan bayi birjik. Sun ƙirga su, sun wuce. Ba suna, ba gari, ba labarin wanda ke kukan rashinsu.

Wannan giɓi ne wani ɗan lardin Bauchi ya cike. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana matashin malamin makaranta, ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. Labarin ƙirƙira ne, amma hanyar ta gaskiya ce. An sace yaro, uwarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka bautar, aka kai ta Murzuk, daga nan Tarabulus, watau hanyar da Turawan suka biyo, ita ta bi ta a juye. Ba ta da raƙumi, ba ta da takardar sarki, ba ta da guzurin da ya wuce begen ɗanta. Ta gan shi ya girma ya zama malami, ba a daɗe ba ta cika.

A 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin sinima, har waɗanda ba su iya karatu ba suka san matar nan.

Ya kamata malaman makarantun Azare su riƙa haɗa wa yara littattafan nan biyu. Na farko zai nuna musu yadda kakanninsu suka karɓi baƙo marar lafiya. Na biyu zai tuna musu cewa kowane ƙashi da aka tsallake a bakin rijiya, akwai uwar da ta haife shi, wadda ta mutu tana duban hanya.