Yaron da Ke Numfashi ta Wuya: Me Ya Sa Ake Koya wa Iyaye Jinya?

'Yan'uwa ɗalibai, idan hanyar numfashin yaro ta toshe, misali saboda mashaƙo ko tsiro a maƙogwaro, likitoci kan huda ƙaramar kafa a gaban wuyansa su sa bututu, iska ta riƙa wucewa huhu kai tsaye. Sunan aikin tirakiyostomi. Galibi manyan asibitoci ke yin sa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Wasu yaran ana cire musu bututun kafin sallama, wasu kuwa da shi suke komawa gida.

Malamin kimiyya ya koya mana cewa hanci yana tace ƙura, ya ɗumama iska, ya ba ta laima. Bututu ba ya yin ko ɗaya. Shi ya sa majina ke yin kauri, musamman da hunturu, har ta toshe shi. In ya toshe, 'yan mintuna kawai ake da su. To, ina mutumin Wara ko Shanga, balle wanda sai ya tsallaka ruwa a kwalekwale, zai kai Birnin Kebbi cikin mintuna? Ga shi yaron sau da yawa muryarsa ba ta fita, domin iskar ba ta bi ta inda murya take. Yana iya shaƙewa cikin dare ba a ji kukansa ba.

Saboda haka kafin sallama ma'aikatan jinya ke sa masu kula da yaron su yi da hannunsu: wanke hannu, zuƙe majina, share fatar wuya, ɗaure igiyar bututun yadda yatsa ɗaya zai iya shiga, da mayar da bututu in ya fita. Ana so a koya wa aƙalla mutum 2, don uwa ma tana barci, tana kuma rashin lafiya. Bututun ajiya guda 2 ke bin yaron duk inda za shi, ɗaya daidai nasa, ɗaya ɗan ƙarami. Injin zuƙar majina kuwa, a ganinmu a nemi har da wanda ake takawa da ƙafa, don kowa ya san halin wutarmu.

Wanka a tafkin Kainji babu shi ga wannan yaro, ruwa zai zarce huhu ne. A nisanta shi da hayaƙin bandar kifi da na murhu. In a ajinku yake, kada ku ja bututun da sunan wasa. Kuka ga yana haki ko leɓensa ya sauya launi, ku kira malami da gudu.