Ƙananan halittun cikin tsirrai da neman sabon magani: Abubuwan da ya kamata ka sani

Su wane ne mazauna cikin ganye?

Ganyen da ka tsinko shar da shi, babu tabo babu tsutsa, cike yake da baƙi. A cikin saiwa da ɓawo da iri akwai bakteriya da dangin funfuna da ke zaune ba tare da sun jawo wa shukar wata cuta ba. Masana suna kiransu endofait. Shukar tana ba su ci da makwanci, su kuma da yawansu suna haɗa sinadaran da ke korar ƙwari da ƙwayoyin cutar da ke neman shigowa. Waɗannan sinadaran ne suka ja hankalin masu haɗa magunguna.

Me ya sa ake nemansu yanzu?

Magungunan da muka dogara da su sun fara gazawa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu sanadiyyar bakteriya masu bijire wa magani, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi ko'ina shan wahala. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun da aka samo maganin sitireftomaisin daga ƙwayoyin cikin ƙasa a 1943 ake ta tonon ƙasa don neman sabbin magunguna, har aka kai lokacin da yawanci abin da aka sani ake sake tonowa. Cikin tsirrai kuwa ba a taɓa sosai ba.

Me aka samu zuwa yanzu?

Gary Strobel na Jami'ar Jihar Montana a Amurka ya yi fice a wannan fage. A reshen bishiyar kirfa a Honduras ya samo wata funfuna, Muscodor albus, wadda tururin da take fitarwa kaɗai ke kashe wasu bakteriya da funfuna. A arewacin Ostireliya kuma ya bi sawun 'yan asalin ƙasar, waɗanda ke sa wata shuka mai yaɗo a kan rauni. A cikinta aka sami bakteriyar da ke samar da sinadaran munumbisin, waɗanda rahoton 2002 ya nuna suna kashe ƙwayar tarin fuka mai taurin kai da ta zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaje-gwaje.

Maganin da ya kai ga hannun marasa lafiya shi ne ibrexafungerp. Tushensa wani sinadari ne daga funfunar da aka ciro a ganyen wata bishiya a Sifaniya. An bayyana sinadarin a 2000, amma sai a 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin don ciwon ƙaiƙayin gaban mata da funfunar Kandida ke jawowa. Shekara 21 ke nan.

Ina cikas ɗin yake?

Da yawa daga cikin halittun ba sa tsira idan aka raba su da shukarsu. Wasu suna tsira, amma bayan an yi ta dasa su a farantin ɗakin gwaje-gwaje sai su daina fitar da sinadarin. Sannan abin da ya kashe ƙwayar cuta yana iya cutar da mai rai: a Amurka da Niyu Zilan, endofait na wasu ciyayin kiwo suna sa wa shanu da tumaki guba.

Don haka kada labarin nan ya sa wani ya ajiye maganin likita ya koma jiƙa ganye. Ko da akwai sinadarin a ciki, ba a san adadinsa ba, ba a kuma gwada shi a jikin mutum ba.

Mu fa?

A Indiya an ciro irin waɗannan halittu daga darbejiya, bishiyar da ke kusan kowace unguwa a ƙasar Hausa. A ganina bagaruwa da sabara da marke sun cancanci bincike mai zurfi a jami'o'inmu, tare da masu maganin gargajiya da suka san amfaninsu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi a raba amfanin irin wannan bincike da ƙasar da al'ummar da aka ɗauko shukar da iliminta daga gare su, kuma ya kamata a rubuta wannan sharaɗi kafin a ɗebi samfurin farko.