Ragar da ke ɓoye a allon salula: yadda take jin yatsa ba ta dusashe hoto ba

Allon salula na shafawa yana yin ayyuka biyu da ba su ga maciji da juna. Dole ya bar hasken hoto ya fito tangaram zuwa idon mai kallo, kuma dole a shimfiɗa masa wani abu da wutar lantarki ke bi, domin ya gane inda yatsa ya sauka. To ƙarfe yana ɗaukar wuta amma yana tare haske, gilashi kuwa yana barin haske ya wuce amma wuta ba ta binsa. Shekaru da dama ke nan injiniyoyi na neman sasanta waɗannan biyu, kuma yadda suka sasanta su ne ke sa wata waya ta karantu a tsakar rana a kasuwar Maraɗi, wata kuma sai an kai ta inuwa.

A ƙarƙashin gilashin da muke taɓawa akwai layuka masu ɗaukar wuta, wasu a kwance, wasu a tsaye, kamar saƙar tabarma. A kowace mahaɗa akwai ɗan cajin lantarki. Jikin mutum yana ɗaukar wuta, saboda haka idan yatsa ya matso sai ya janye kaɗan daga cajin mahaɗar da ke kusa da shi. Wata ƴar na'ura ce ke duba mahaɗun nan gaba ɗaya sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ta gano wadda ta ragu. Shi ya sa tsinke ba ya motsa komai a allo, amma ɗigon ruwa ko zufa kan rikita shi. Dabarar ba sabuwa ba ce: E. A. Johnson ya bayyana ta a Ingila tun 1965, sai dai fitowar iPhone a 2007 ce ta sa ta zama ruwan dare.

Abin da aka daɗe ana yin layukan da shi wani sinadari ne da ake kira ITO, gaurayen ƙarfen indiyom da kuza da iskar oksijin. Yana ɗaukar wuta, kuma idan an shafa shi siriri haske na ratsa shi. Shafin da ake yi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba. A nan ne ciniki yake: idan aka ƙara masa kauri wuta ta fi gudu, amma hoto ya ɗan yi duhu ya ja zuwa rawaya, idan aka rage, hoto ya washe amma allon ya yi nauyin ji.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan wuyar sha'ani. ITO ba ya mayar da haske daidai da yadda gilashi ke mayarwa, don haka inda aka shafa shi da inda aka kankare shi ba sa ƙyalli iri ɗaya. Wanda ya kashe wata tsohuwar waya ya karkata ta ga rana zai iya hango zanen, sau da yawa ƴan murabba'ai ne a karkace, jere da juna. Don ɓatar da zanen, masu ƙira kan matse tazarar da ke tsakanin layuka, su cike guraben da suka rage da guntayen ITO da ba a haɗa su da komai ba, aikinsu kawai su sa fuskar ta zama bai ɗaya. Sannan a sa wasu siraran shafe-shafe a ƙarƙashi waɗanda ke daidaita ƙyallin ɓangarorin biyu.

Amma ITO yana tsagewa idan aka lanƙwasa shi, kuma a babban allo wuta na yin rauni kafin ta kai ƙarshen layi. Indiyom ɗin ma ba shi da yawa. A wajen tace ƙarfen zinki ake samunsa, ƙasar Sin ce kan gaba wajen samar da shi. Shi ya sa aka koma ga ƙarfe na sosai, tagulla ko azurfa, a saƙa shi raga da zaren da faɗinsa bai wuce ƴan mikron kaɗan ba, alhali gashin kai na kaiwa wajen mikron 70. Ido ba ya ganin zaren, kuma yawancin filin ragar sarari ne da haske ke wucewa.

Sai wani aibin ya kunno kai. Duk wanda ya taɓa ninka gidan sauro biyu ya ɗaga shi ga haske ya san irin igiyoyin duhun nan masu kama da kaɗawar ruwa da ke bayyana, ko da yake babu su a jikin kowane ɓari. Hoton allo shi ma ɗigo-ɗigo ne a jere, ja da kore da shuɗi. Idan aka ɗora raga mai tsari a kan wannan jeri, igiyoyin nan su bayyana, har da launuka. Faransawa na kiran abin "moiré". Maganinsa lissafi ne: a juya ragar zuwa wata kusurwa, a zaɓi faɗin idanunta yadda igiyoyin za su yi ƙanƙanta har ido ya kasa rarrabe su, ko kuma a yi idanun ragar barkatai, kowane da siffarsa. Wahalar ita ce ragar da ta dace da wani allo ba lalle ta dace da wani ba, tun da girman ɗigo ya bambanta. Kuma da yake ƙarfe na walƙiya a rana, sai an baƙanta saman zaren.

A ganina dabarar da ta fi kyau ita ce ta daina ɗora wani abu a kan hoton kwata-kwata. A 2010 Samsung ya fito da Super AMOLED, inda aka zana layukan a jikin gilashin allon kansa. A 2012 iPhone 5 ya shigar da su cikin allon: layukan da ke aikin nuna hoto su ne ke aikin jin yatsa, bi da bi, cikin saurin da ido ba ya kamawa. Rabon lokacin dole ne, domin wutar da ke sarrafa hoto na iya danne ɗan alamar da yatsa ke bayarwa. A allunan OLED na yanzu kuwa, har da masu naɗewa, ana bi da zaren ƙarfen ta ratar da ke tsakanin ɗigon haske, ba ya gitta ko ɗaya.

Wannan bayani yana da amfani ranar da allo ya fashe. A wajen masu gyara a Damagaram ko Tawa za ka ji ana raba "taktil" da "ekran". A tsofaffin wayoyi da wasu masu araha abubuwa biyu ne, ana iya canza ɗaya a bar ɗaya. A yawancin na yanzu a haɗe suke, shi ya sa kuɗin gyaran ya fi yawa. Idan aka bar iska tsakanin gilashi da allo maimakon a manne su da gam mai haske, kowace fuskar gilashi na mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗa mata, hoto ya koɗe a rana. Kafin ka biya, buɗe farin shafi ka duba ko akwai igiyoyi ko rawaya-rawaya, ka ja yatsa gefe zuwa gefe har kusurwoyi huɗu, sannan ka fita da wayar tsakar rana ka ga ko rubutu na karantuwa. Idan kuma allon na danna kansa ne kawai lokacin da waya ke kan caji, gwada wata cajar tukun. Caja maras kyau na aika hargitsin wuta da layukan ke ɗauka a matsayin yatsa.