Mai Tsirfar Abinci, Tuwon Alkama Ba Zai Fisshe Ka Ba

Akwai wata fatawa da ta zama ruwan dare a Likoro da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Hunkuyi da Makarfi da Ikara. Da zarar an auna mutum a asibiti an ce sugansa ya hau, ko tumbi ya fara takura masa a zaman tahiya, kafin ya gama hutawa 'yan dubiya sun yanke masa hukunci: ya bar tuwon masara ya koma na alkama, ya bar sugan kanti ya koma mazarƙwaila ko zuma. Shi ke nan, wai an gama magani. Maganar nan ta ishe ni, domin tana cinye kuɗin mutane kuma tana barin su da ciwonsu.

Wanda abin ya fi yi wa illa shi ne mai tsirfar abinci, kuma kusan kowane gida akwai irinsa. Wake yana kumbura masa ciki. Ƙwai ƙarni. Kifi ƙaya. Awara abincin yara ce da 'yan mata. Nono yana tsinka masa ciki. In ka tsame waɗannan, me ya rage a akushinsa? Tuwo, shinkafa, taliya, burodi, fura, sai rake da yamma. Idan aka ce wa irin wannan mutum ya rage sitaci, an taɓa abin da yake rayuwa a kai ke nan gaba ɗaya. Shi ya sa yake rungumar labarin alkama hannu bibbiyu, tunda ya ba shi damar ci gaba da cin abin da ya saba da sunan yana kiyaye doka.

Bayanin a taƙaice yake. Hatsi da rogo da dankali da duk wani abu mai zaƙi suna ba da kuzari, kuma in sun shiga ciki suga suke komawa. Furotin kuwa, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa, shi ke gina tsoka da gyara abin da ya lalace a jiki, yana kuma daɗewa a ciki ya riƙe mutum. Baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 yana neman wajen giram 50 ke nan.

To mu koma kan alkama. A auno giram 100 na garin alkama, da na masara, da na dawa, da na gero, da acca, da shinkafa. Sitacin da ke cikin kowannensu yana tsakanin giram 70 ne zuwa 80. Babu wanda ya tsere wa ɗan'uwansa da wani abin kirki. Gaskiya ne alkamar da aka niƙa da dusarta ta ɗan fi masara furotin da harza, amma dawar da ba a surfe ta ƙal ba ita ma tana da nata. Kuma da zarar inji ya mayar da ƙwaya gari mai laushi, aka tuƙa, aka haɗiye ba tauna, ciki ba ya shan wahalar mayar da ita suga, ko ta wace gona ta fito. Wanda yake cin malmala uku ta masara ya koma malmala uku ta alkama, an gudu ne ba a tsira ba. Sau da yawa ma ƙara loma yake yi, domin a ransa magani yake ci.

Dubi yadda abin ke faruwa da daddare. Uwargida ta tuƙa na masara don yara, ta sake ɗora wata tukunya ta tuƙa na alkama don maigida shi kaɗai. Ta kawo malmala uku manya, da 'yar miyar kuka a gindin kwano wadda in ban da daddawa da gishiri ba komai a cikinta. In ta ce, "Malam, ga ɗan wake na dafa, a zubo maka?" sai ya ɗaga hannu: "Ke dai kin san ba na cin wannan. In akwai saura a tukunya ƙaro mini ɗaya, ai na alkama ne." Ya kora da kwalbar maltina, wai don ƙarin jini. Bayan wata guda ya koma awo, suga na nan inda yake, sai a fara zargin ƙwayar asibiti ko a ce sammu ne.

Abin haushin ma, mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Sai manomi ya sayar da dawar da ya noma da guminsa, ya cika kuɗi ya sayi garin leda wanda bai fi ta da komai ba a wajen sitaci. Da kuɗin cikon nan ƙwai ya saya, ko busasshen kifi, da ya ga bambanci a jikinsa.

Haka zancen mazarƙwaila. Mu da muke ƙasar rake, daga Kudan har Makarfi, ba sai an gaya mana yadda ake yin ta ba. A matse rake, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a kwano ya daskare. Sugan da ke cikin raken bai je ko'ina ba, ruwan ne kawai ya tafi. Ita ma zuma, duk da albarkarta, kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, kuma jinin mai ciwon suga ba ya tantance wanda ya fito daga amya da wanda ya fito daga kanti. Kwalbar lemo ƙarama tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara, maltina kuma ba ta da nisa da haka. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan suga ya wuce kimanin cokali 12 a rana, in da hali ma a tsaya a shida. A 2021 ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa manya wajen miliyan 3.6 ne ke ɗauke da ciwon a Najeriya, kuma dokar kuɗi ta wannan shekarar ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Gado da rashin motsa jiki suna da nasu hannun a ciwon, amma ba su ne a gabanmu yau ba.

Abin da ke aiki shi ne a rage girman tuwon, kowane iri ne, a cike gurbin da abin da zai riƙe ciki. Wanda ya rage tuwo bai ƙara komai ba, yunwa za ta koro shi cikin kwana kaɗan ya dawo ya rama. A nan furotin ke shigowa, a nan kuma mai tsirfa zai ce an zo wurin. Ba a ce sai ka so komai ba. Abu uku ko huɗu kacal kake buƙata, waɗanda aka sarrafa ta hanyar da ranka zai karɓa. Galibi abin da mutum ke ƙi wari ne, ko gafi, ko yanayin abin a baki, kuma duk waɗannan a madafa ake gyara su.

Mu fara da waken suya, wanda muke nomawa mu loda wa 'yan kasuwa su kai kamfanonin mai da na abincin kaji. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na busasshen waken suya furotin ne, babu wani hatsi ko wake a gonakinmu da ya kamo shi. Awarar da ake yi da shi kuwa kusan ba ta da sitaci. Masu ƙin ta gafi suke gudu, shi kuma gafin yana tasowa ne idan aka markaɗa ɗanyen waken da ruwan sanyi. A jiƙa shi, a murje ɓawon, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kafin a kai markaɗe. A tace, a dafa madarar, a zuba ruwan tsami har ta dunƙule, a juye a ƙyalle da albasa da attarugu, a danne da dutse ruwan ya tsane. Wanda ba ya son ganin ta a yanke, a marmasa masa ita cikin miyar alayyafo ko ta tumatir. Zai cinye yana santi. Mai ƙiba dai ya rage ta tuya, domin tana shan mai.

Wake na gida yana da furotin kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yana da sitaci shi ma, sai dai nasa a hankali yake shiga jini. Maganin kumburin ciki shi ne a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya yi luguf, a kuma fara da kaɗan har ciki ya saba. Wanda aka surfe aka yi alale ko ƙosai ya fi sauƙi a ciki. Mai son shinkafa da wake ya juya awon, waken ya rinjayi shinkafar. A kula da ɗanwaken zamani, wanda sunan kawai ya rage, cikinsa fulawa ce da garin rogo. Kunun safe kuwa a rage shi zuwa ƙaramin kofi ba suga, ƙosan ya fi yawa.

Ƙwai ɗaya yana ba da furotin kimanin giram 6, sitacinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Warin da ke korar mutane yawanci daga wuce ƙa'idar dahuwa ne, lokacin da gefen gwaiduwar ya yi kore-kore. Minti goma a tafasasshen ruwa ya isa, sai a tsoma a ruwan sanyi. In har yanzu ba ya shiga, a soya da albasa da tumatir, ko a fasa cikin ƙullun alale. Da damina ƙwan zabi yana samuwa a araha. Kifi kuma, mai tsoron ƙaya a gyara masa busasshe, a daka shi ya zama gari, a riƙa barbaɗawa a miyar kuka ko kuɓewa.

Kada a raina ƙuli-ƙuli. Tunda an matse man, abin da ya rage ya fi ɗanyar gyaɗa furotin. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli mai yawa abinci ne cikakke ga mai son rage tuwon dare. A guji gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci, domin gubar da ke cikinta tana lalata hanta. Wanda madara ke tsinka wa ciki ya gwada kindirmo, yawanci ya fi zama lafiya. A dama rabin curin fura a nono mai yawa, a bar sugan. Ga gurjiya, ga agushi da riɗi a miya, ga fara a lokacinta. Tsire da balangu da kilishi duk suna cikin lissafi ranar da aljihu ya yarda. Ganda dai taunar banza ce, furotin ɗinta ba mai inganci ba ne.

Ga lissafin rana guda babu ko tsokar nama: ƙwai biyu giram 12, babban kofin nono wajen 8, tafin hannu na gyaɗa 7, kofin dafaffen wake 13, awara yanka huɗu ko biyar kimanin 10. An kai 50 ke nan, ba a ma ƙirga ɗan abin da ke cikin tuwon ba. Wajen ci, a fara da ganye da waken ko ƙwan, tuwo ya zo daga baya, malmala ɗaya madaidaiciya, miya ta fi yawa. Kuma kada a ɗanɗana sau ɗaya a ce an gwada. Masu nazarin cin abincin yara sun nuna cewa yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya karɓa, harshen babba ma da sabo yake tafiya.

Abin kunya ne a ce muna maƙwabtaka da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda a 2019 ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, ga cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown, amma a gidajenmu furotin ya zama baƙo. Magidanci ya zauna teburin mai shayi a soya masa ƙwai uku, ya biya wurin mai tsire, ya shigo gida yana sakace, yara kuwa tuwo da safe tuwo da dare. Kajin gidan suna yin ƙwai ana kaiwa kasuwa, in yaro ya miƙa hannu a ce ƙwai zai koya masa sata. Wannan camfi ne, kuma haƙƙin yaran yana wuyan uban. Tsirfar da babba ke yi a gaban yara ita suke ɗauka su girma da ita.

Sai gargaɗi, kuma a riƙe shi da kyau. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Mai shan ƙwayar suga ko mai yin allurar insulin kada ya zabge tuwo dare ɗaya, domin suga na iya faɗuwa ya sume. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa maganin su daidaita tare. Yara da masu juna biyu da masu shayarwa, da wanda ke wuni yana saran rake ko huɗa, ƙarin furotin suke buƙata, ba da su ake zancen rage hatsi ba. Wanda kuma bai taɓa auna sugansa ba alhali ya haura shekara arba'in, ya je asibiti mafi kusa a duba shi. In an ba shi sakamako, ya tambayi ma'aikacin lafiya yawan abin da zai ci, ya bar fatawar 'yan dubiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya.