Iyayen Zabiya a Kontagora, Ku Tashi Tun Kafin Bazara

Da zarar hunturu ya janye, duk ɗan Kontagora ya san abin da ke tafe: a Maris da Afrilu rana takan ƙwalle har zafi ya kai digiri 40. Mu gumi da ƙishirwa muke kuka da su. Zabiya kuwa ransa ne ke cikin haɗari.

Fatarsa ba ta da isasshen melanin, sinadarin da Allah Ya yi wa fatarmu garkuwa da shi. Shi ya sa yaron da aka ɗora wa talla da tsakar rana, ko aka tafi da shi gona, yake dawowa fuska jajir, wuya duk ya saɓule. Uwa ta shafa masa man kaɗanya, raɗaɗi ya lafa, a ce ya wuce. Wallahi bai wuce ba. Kowace ƙuna tana barin ɓarna a cikin fata, shekara kan shekara, har wata rana ɗan ƙurji mai ɓawo ya fito a kunne ko leɓe ko ƙeya, ya ƙi warkewa. Ta haka ciwon dajin fata yake somawa, kuma yana hallaka zabiya da yawa a Afirka tun da ƙuruciyarsu.

Man kaɗanya da basilin suna tausasa fata, amma ba sa tare rana. Ku nemi man kariya daga rana mai alamar SPF 50 da lambar NAFDAC. A shafa minti 20 kafin fita, a ƙara duk bayan awa 2, da bayan gumi ko alwala, tunda inda ake wankewa nan ne rana ta fi duka. Hazo ko hadari ba hujjar fashi ba ne.

Na san man kariyar yana da tsada. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin magungunan dole, don haka gwamnatin Neja da masu hali su ɗauke shi a matsayin magani, su raba wa marasa ƙarfi. Kafin nan, malfa da riga mai dogon hannu da zaman inuwa daga ƙarfe 10 zuwa 4 ba su fi ƙarfin kowa ba. Malamai, don Allah kada ku tsayar da waɗannan yara a rana.

Duk gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, kada a kai wa wanzami, kada a jira damina. A garzaya Babban Asibitin Kontagora likita ya duba.